Rikicin Indiya da Pakistan: tambayoyin da aka fi yi min da amsoshinsu

Tun daga watan Mayun 2025, lokacin da ƙasashen nan biyu suka yi kwana huɗu suna yi wa juna ruwan wuta, nake shan tambayoyi, a majalisarmu ta bayan isha'i nan Birnin Kebbi, a makarantar da nake koyar da tarihi, har wajen mai shayi. Tambayoyin iri ɗaya ne ke ta dawowa, kuma galibi wani bidiyo ne da aka turo a WhatsApp ke jawo su. Shi ne na ce bari in tara su wuri guda. Abin da ke damuna a cikin hirarrakin nan shi ne yadda wasu matasanmu suka ɗauki abin kamar wasan ƙwallo, kowa da kulob ɗinsa, alhali maganar rayukan mutane sama da biliyan ɗaya da rabi ake.

Mi sunka tare ma juna ne? Ba ƙasa ɗaya ce ba da can?

Haka wani dattijo ya tambaye ni, na ce masa Baba ƙasa ɗaya ce ƙwarai, a ƙarƙashin Turawan Ingila, su dai waɗanda suka mulke mu. Da za su tafi a 1947 sai aka raba ta biyu, saboda Muhammad Ali Jinnah da jam'iyyarsa sun tsaya kai da fata cewa musulmi su samu ƙasarsu, kada Hindu masu rinjaye su danne su. Pakistan ta samu 'yanci 14 ga Agusta, Indiya 15 ga wata, Jawaharlal Nehru ya zama firaministanta. Baturen da aka ba aikin shata iyaka, Cyril Radcliffe, bai taɓa taka ƙasar ba kafin nan, cikin sati biyar kacal ya ja layi ya tsaga Punjab da Bengal.

Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba, mun san layin Bature. Arawan Kangiwa da na Dogon Dutsi dangi ne, a Kamba da Dole Kaina akwai gidan da wa ɗan Najeriya ne ƙane ɗan Nijar. Sai dai namu layin bai zo da yanka ba, nasu ya zo da shi. Mutum wajen miliyan 15 suka bar gidajensu, musulmi suka yi Pakistan, Hindu da Sikh suka yi Indiya, a hanya aka yi ta karkashe juna, ƙiyasin waɗanda suka mutu ya kama daga dubu 200 har miliyan biyu. Da wannan jinin ƙasashen suka buɗe ido.

Me ya sa kullum Kashmir, Kashmir?

Domin ita ce gadon da ba a gama rabawa ba. A lokacin Turawa akwai masarautu sama da 500 da aka bar wa sarakunansu, irin dai mulkin da aka yi da sarakunanmu na Arewa, aka ce kowane sarki ya zaɓi inda zai shiga. Kashmir yawancin talakawanta musulmi ne amma sarkinta Hari Singh Hindu ne, ya yi ta jan ƙafa yana son ya tsaya shi kaɗai. A watan Oktoban 1947 mayaƙan ƙabilu daga Pakistan suka kutso, sarki ya nemi Indiya ta kawo ɗauki, Indiya ta ce sai ka sa hannu ka shigo cikinmu, ya sa hannu ranar 26 ga watan. Yaƙi ya ɓarke, Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga tsakani, aka tsagaita wuta 1 ga Janairun 1949, kowa ya riƙe inda sojansa ya tsaya.

Majalisar ta ce a yi ƙuri'ar jin ra'ayi mutanen Kashmir su zaɓa da kansu, amma da sharaɗin Pakistan ta fara janye mayaƙanta sannan Indiya ta rage nata. Babu wanda ya janye, ƙuri'ar kuma har yau ba a yi ba. Layin tsagaita wutar nan, mai tsawon kilomita kusan 740, shi ya zama iyaka a aikace. A 1989 tawaye da makami ya tashi a ɓangaren Indiya, dubun dubatar mutane suka mutu, sannan ranar 5 ga Agustan 2019 gwamnatin Narendra Modi ta soke sashe na 370 na tsarin mulki wanda ya ba yankin ɗan ƙwarya-ƙwaryar 'yanci, aka tsare shugabanninsu, aka yanke intanet wata da watanni. Ni a wurina mutanen Kashmir su ne aka fi zalunta a duk labarin nan, kowa na magana da sunansu, ba wanda ya tambaye su.

Sau nawa suka gwabza?

Manyan yaƙoƙi uku, 1947, 1965 da 1971, sai na Kargil a 1999 wanda ya tsaya a kan tsaunuka. Na 1971 shi ya fi yi wa Pakistan ciwo, don a nan ta rasa ɓangarenta na gabas wanda ya zama Bangladesh, aka kama mata fursunonin yaƙi wajen dubu 90. Ka riƙe wannan shekarar, za ta dawo a amsa ta gaba da kuma ta maganar addini.

Ya aka yi suka mallaki nukiliya?

Abin sarƙa ne. China ta ba Indiya kashi a yaƙin 1962, sai kuma ta gwada bam ɗinta a 1964, Indiya ta ga ba zama, ta gwada nata ranar 18 ga Mayun 1974 a hamadar Pokhran. Pakistan kuma da raunin 1971 bai warke ba ta ga in ta zauna haka wata rana za a sake tsaga ta. Zulfikar Ali Bhutto, wanda ya shugabanci Pakistan bayan yaƙin 1971, ya taɓa cewa ko ciyawa za su koma ci sai sun ƙera nasu. Masanin nan Abdul Qadeer Khan, wanda ya yi aiki a wata masana'antar tace yuraniyom a Holan, ya dawo gida da ilimin, China ma ta taimaka.

A fili kuwa sai 1998. Indiya ta yi gwaji biyar ranakun 11 da 13 ga Mayu, Amurka ta yi ta lallashin firaministan Pakistan Nawaz Sharif kada ya rama, bai ji ba, ranakun 28 da 30 ga watan Pakistan ta tayar da nata a tsaunukan Chagai da hamadar Kharan da ke Balochistan. Dukkansu biyu ba su sa hannu a yarjejeniyar hana yaɗuwar nukiliya ta duniya ba. Shi A.Q. Khan ɗin, a 2004 ya fito talabijin ya amsa cewa ya miƙa wa Iran da Libiya da Koriya ta Arewa sirrin, aka yi masa ɗaurin talala a gida, ya rasu a 2021.

Wa ya fi ƙarfi a cikinsu?

Wannan ita ce tambayar da samari suka fi so, kuma ita ce na fi ƙi, amma ga amsa. A yawan soja da kuɗi Indiya ta yi nisa, sojojinta wajen miliyan 1.4, na Pakistan wajen dubu 650. A 2024 Indiya ta kashe kimanin dala biliyan 86 kan tsaro, Pakistan kimanin biliyan 10. A kawunan nukiliya kuwa kusan kunnen doki suke, cibiyar SIPRI ta ƙasar Suwidin ta ƙiyasta a 2025 Indiya na da 180, Pakistan 170. Indiya na da makami mai linzami Agni-5 mai cin sama da kilomita 5,000 wanda dama don China aka yi shi, da jiragen ƙarƙashin teku masu ɗaukar nukiliya. Pakistan na da Shaheen-3 mai cin kilomita 2,750, babu lungun Indiya da ba zai kai ba.

To amma ka tuna bam guda ɗaya ne ya shafe Hiroshima a 1945. In mutum na da 170, wanda ya fi shi da goma bai fi shi da komai ba.

In kowa na da shi, ba shi kenan an zauna lafiya ba? Kar ta san kar ai.

Nan ne gundarin maganar, kuma nan ne nake ganin mutane da yawa ke kuskure. Eh, tun 1998 ba a sake babban yaƙi irin na 1971 ba, tsoron bam ya hana. Amma bam ɗin ne kuma ya ba kowa ƙarfin halin tsokana, don kowa na lissafin cewa ɗan'uwansa ba zai kuskura ya kai abin ƙarshe ba. Duba fa, watan Fabrairun 1999 firaministan Indiya Vajpayee ya shiga bas ya je Lahore aka sa hannu kan zaman lafiya, wata uku ba a yi ba sai ga sojan Pakistan a kan tsaunukan Kargil, a lokacin Janar Pervez Musharraf ne hafsan soja. Indiya ta rasa sojoji sama da 500, sai da Bill Clinton ya zaunar da Sharif a Washington ranar 4 ga Yuli aka janye. Daga nan sai harin majalisar dokokin Indiya a Disambar 2001, sai na Mumbai a Nuwambar 2008 da ya ci mutum 166, wanda ƙungiyar Lashkar-e-Taiba mai mazauni a Pakistan ta kai.

A 2008 Indiya ta haɗiye ba ta rama da soja ba. Zuwan Modi ne salon ya canza, kuma in ka lura kowane martani yana fin na baya. A 2016 bayan harin da aka kai wa sojanta a Uri da ke Kashmir, Indiya ta ce sojanta sun tsallaka layi sun dawo. A 2019 bayan harin Pulwama da ya kashe jami'an tsaro 40, jiragen yaƙi ta tura har Balakot cikin Pakistan, washegari Pakistan ta kakkaɓo jirgi ɗaya ta kama matuƙin, ta mayar da shi ranar 1 ga Maris. A 2025 kuma aka kai ga harba makamai masu linzami kan sansanonin soja. Kowane karo ana hawa mataki ɗaya a tsani, a sauko lafiya, sai kowa ya koma gida ya gaya wa mutanensa mu muka yi nasara, wannan kuma shi ke sa karo na gaba a fara daga inda aka tsaya.

Ga wani ƙarin haɗari. Indiya ta rubuta a manufarta ta 2003 cewa ba za ta fara harba nukiliya ba, amma in aka taɓa ta da shi za ta rama da dukkan ƙarfinta. Pakistan ta ƙi yin wannan alkawari saboda ita ce ƙarama, har ma ta ƙera wani ɗan ƙaramin makami mai suna Nasr mai cin kilomita 60 zuwa 70, don ta jefa wa tankokin Indiya in sun kutso. Wato ɗaya na cewa zan yi amfani da ƙarami, ɗaya na cewa ko ƙarami ka jefa zan sauke maka duka. Lissafin biyu ba su haɗu ba, kuma kowa na zaton ɗayan barazana ce kawai yake.

Takamaimai me ya faru a Mayun 2025?

Ranar 22 ga Afrilu 'yan bindiga suka kashe mutum 26 a Pahalgam, wurin shaƙatawa a Kashmir ta Indiya, yawancinsu Hindu 'yan yawon buɗe ido, ana tambayar addinin mutum kafin a harbe shi. Indiya ta ɗora wa Pakistan, Pakistan ta musanta ta ce a yi bincike mai zaman kansa. Daren 7 ga Mayu Indiya ta kai hari wurare tara da ta ce sansanonin 'yan ta'adda ne, har da Bahawalpur da Muridke a cikin Punjab ta Pakistan, Pakistan ta ce fararen hula da masallatai aka samu. Pakistan ta ce ta harbo jiragen Indiya ciki har da Rafale ƙirar Faransa, daga baya babban hafsan tsaron Indiya ya amsa an yi asarar jirage amma bai faɗi adadi ba. Aka shiga aika wa juna jirage marasa matuƙa, Indiya ta bugi sansanonin sojan sama ciki har da Nur Khan a Rawalpindi, gab da hedikwatar sojan Pakistan. Ranar 10 ga wata aka tsagaita wuta, Donald Trump ne ya fara sanarwa yana cewa shi ya sasanta, Indiya ta ce a'a hafsoshin ɓangarorin biyu ne suka yi waya. Mazauna ƙauyukan bakin layi, irin su Poonch, su suka sha luguden atilare.

Bidiyoyin da suka cika wayoyinmu a satin nan, da yawansu tsofaffi ne daga wasu yaƙoƙin, wasu ma daga wasan kwamfuta aka yanko, kuma gidajen talabijin na can ma sun yaɗa ƙarya son ransu.

Wai Indiya za ta iya tare wa Pakistan ruwa?

Manoman shinkafa ne suka fi yi min wannan, kuma sun fi kowa gane ta. A 1960 Bankin Duniya ya sasanta su aka raba koguna shida, Ravi da Beas da Sutlej na Indiya, Indus da Jhelum da Chenab na Pakistan, duk da ta hannun Indiya suke biyowa. Yarjejeniyar ta tsallake yaƙin 1965 da na 1971 da Kargil ba a taɓa ta ba, sai washegarin harin Pahalgam Indiya ta ce ta jingine ta. Pakistan ta ce duk wanda ya tare mata ruwa ya ja yaƙi, don mafi yawan noman ranin ƙasar a kan kogunan nan yake.

A yau dai Indiya ba ta da madatsun da za su riƙe wannan ruwa, dam irin Baglihar da Salal na wutar lantarki ne, ba sa ajiye mai yawa, gina manya kuma aikin shekaru ne. Abin da za ta iya shi ne wasa da lokacin sakin ruwa da kuma daina ba da bayanai. Wanda ke noma a fadamar Argungu ko Suru ya san abin da ake nufi, ruwan da aka saki daga Goronyo ko Bakolori in ya zo ba shiri yana iya kwashe shinkafar shekara, in ya makara kuma shuka ta ƙone. Mu ma fa a ƙasa muke, Nijar na gina dam ɗin Kandaji a saman kogin Neja, wutar da ake ba su daga Kainji ta layin Birnin Kebbi tana cikin abin da ya daɗe yana riƙe da fahimtar juna kan ruwan nan, kun kuma ga yadda zumunci ya yi tsami da aka yanke ta bayan juyin mulkin 2023.

Ina China ta shigo?

Ita ce ta ukun, ita ma mai nukiliya, wajen kawuna 600. Tana riƙe da yankin Aksai Chin da Indiya ke cewa nata ne, a Yunin 2020 sojojinsu suka yi dambe da sanduna da duwatsu a kwarin Galwan, Indiya ta rasa 20, China ta amsa huɗu. Kusan kashi 80 cikin 100 na makaman da Pakistan ke saye daga China suke. Shi ya sa tseren ba ya tsayawa, China na auna kanta da Amurka, Indiya na auna kanta da China, Pakistan na auna kanta da Indiya.

Ba yaƙin musulmi da kafirai ba ne? Ai dole mu goyi bayan Pakistan.

Na fahimci inda zuciya ke karkata, ni ma musulmi ne, kuma ba zan ɓoye ba musulmin Indiya na cikin matsi, rikicin Gujarat na 2002 ya ci sama da mutum 1,000 yawancinsu musulmi, lokacin Modi ke mulkin jihar. Amma a duba da kyau. A cikin Indiya akwai musulmi wajen miliyan 200, bam ɗin Pakistan in ya faɗa Delhi ko Mumbai ba zai tambayi wa ke sallah ba. Mutumin da ya jagoranci shirin makamai masu linzami na Indiya, Abdul Kalam, musulmi ne, har shugaban ƙasa ya yi daga 2002 zuwa 2007. Sannan a 1971 sojan Pakistan musulmi 'yan'uwansu suka karkashe a gabashin Bengal, wato Bangladesh ta yau, bayan jam'iyyar Sheikh Mujibur Rahman ta ci zaɓe aka hana ta mulki, mutum wajen miliyan 10 suka gudu Indiya. Ana yawan kawo min yarjejeniyar tsaro da Saudiyya ta ƙulla da Pakistan a Satumban 2025, wadda ta ce taɓa ɗaya taɓa duka ne, amma Saudiyyar nan tana cikin manyan masu sayar wa Indiya mai, Indiyawa sama da miliyan biyu ke aiki a can.

Akwai kuma abin da ya kamata mu mutanen Kebbi da Zamfara mu fi kowa ganewa. Sojan Pakistan sun daɗe suna kiwon ƙungiyoyi masu makami don su yi musu aiki a Kashmir da Afganistan, ƙarshe wasu irinsu suka juyo gida, a Disambar 2014 'yan Taliban na Pakistan suka shiga makaranta a Peshawar suka kashe yara sama da 130. Mun ji yadda aka ruwaito cewa Lakurawa da farko kiransu aka yi su kare mutane daga ɓarayin shanu a yankin Tangaza da Gudu, mun kuma ga harin da suka kai a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwambar 2024. Wanda ya ga wannan da idonsa bai kamata ya yi wa mai harbin 'yan yawon buɗe ido kabbara ba.

Kuskure zai iya tayar da yaƙin nukiliya?

Saura ƙiris ya taɓa yi. Ranar 9 ga Maris 2022 wani makami mai linzami na Indiya, BrahMos, ya tashi bisa kuskure ya faɗa Mian Channu cikin Pakistan. Allah ya kiyaye babu kan bam a jikinsa, bai kashe kowa ba, lokacin kuma babu zaman ɗar-ɗar, Indiya ta kori hafsoshi uku. Ka ƙaddara a ce cikin kwanaki huɗun da na ba da labari a sama ya faru. Tsakanin Lahore ta Pakistan da Amritsar ta Indiya kilomita 50 ne, kusan tafiyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, makami na isa cikin 'yan mintoci, kuma wasu makaman suna iya ɗaukar bam na gama-gari ko na nukiliya, wanda ake harbowa ba shi da hanyar sanin wanne ne ke tafe.

To mu a nan ina ruwanmu?

Da ruwanmu. Babur ɗin Boxer da ɗan kabu-kabu ke ja, da Keke Napep, da kaso mai yawa na magungunan da ke kemis, daga Indiya suke, marasa lafiyarmu kuma can suke zuwa dashen ƙoda. Indiya ce ta fi kowa fitar da shinkafa a duniya, wajen kashi 40 cikin 100, da ta hana fitar da wani nau'i a 2023 farashi ya tashi a ƙasashe da dama. In kuwa aka kai ga nukiliya, wani bincike da aka wallafa a mujallar Nature Food a 2022 ya nuna hayaƙin biranen da suka ƙone zai tare hasken rana shekaru, amfanin gona ya faɗi a duniya duka, mutum sama da biliyan biyu na iya mutuwa da yunwa. Damina ɗaya in ta yi gardama mun san halin da gero da dawa ke shiga, balle shekaru a jere.

Najeriya wane ɓangare take, kuma muna da namu bam ɗin?

Ba ta ɗauki ɓangare ba, da kowa take yi. Indiya ce ta taimaka aka kafa makarantar horar da hafsoshi ta NDA a Kaduna a 1964, shugabanta na farko ma Ba'indiye ne, Buhari da Obasanjo duk sun yi kwas a can, Modi kuma ya zo Abuja a Nuwambar 2024. A ɗaya hannun sojan samanmu sun karɓi jiragen yaƙi JF-17 guda uku daga Pakistan a 2021, ban da jiragen koyon tuƙi na Super Mushshak. Iyayenmu da suka yi sakandare a shekarun 1970 da 1980 za su gaya maka malaman lissafi da kimiyya Indiyawa da 'yan Pakistan ne, a makaranta ɗaya suke koyarwa.

Bam kuwa ba mu da shi. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar hana yaɗuwar nukiliya tun 1968, tana kuma cikin yarjejeniyar Pelindaba da ta haramta shi a Afirka baki ɗaya. Tun zamanin Tafawa Ɓalewa ma, a Janairun 1961, mun kori jakadan Faransa saboda gwajin bam da suke yi a hamadar Aljeriya. Afirka ta Kudu ce kaɗai ta taɓa ƙera shi a nahiyar, guda shida, ta kuma wargaza su da kanta. Abin da muke da shi ɗan ƙaramin injin nukiliya ne na bincike a jami'ar Ahmadu Bello Zariya, wanda ya fara aiki a 2004, ana amfani da shi wajen gwajin ƙasa da ma'adinai da koyar da ɗalibai.